Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Gane Ko An Taɓa Harba Libarbar da Ake Adanawa Don Tarihi

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya tara tsofaffin makamai, musamman Amurka da wasu ƙasashen Turai, ana gwanjon bindigogin tarihi kamar yadda ake gwanjon tsofaffin kuɗi da zane-zane, kuma a cikin takardar bayanin kaya da wuya a sami maganar da ke ɗaga farashin libarba irin a rubuta cewa ba a taɓa harba ta ba. Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai silinda, wato gangar ƙarfe mai ramuka, galibi biyar ko shida, da ake zuba harsasai a ciki, wadda ke juyawa ta kawo kowane rami saitin bututu kafin a harba. Wannan tsari, wanda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1836, yana barin tabo a wurare sanannu duk lokacin da wuta ta tashi, shi ya sa mai ido yake iya karanta jikin libarba fiye da na yawancin bindigogi. Ga tambayoyin da masu sha'awar wannan fanni suka fi yi.

Shin akwai libarbar da za a iya rantsuwa cewa ba a taɓa harba ta ba?

Kusan babu, domin masana'anta ita ce take fara harba ta kafin ta kai hannun kowa. A Turai wannan doka ce mai tsohon tarihi. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami izinin sarki a 1637, birnin Liège na Beljiyam ya tilasta gwajin bindigogi tun 1672, an kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813, kuma Italiya tana da nata a garin Gardone Val Trompia. A ƙasashen da ke cikin hukumar CIP, wadda ke daidaita ƙa'idojin wannan gwaji, ba a sayar da libarba sai an harba ta da harsashin gwaji wanda matsin wutarsa ya zarce na harsashin kasuwa da kashi 30 cikin 100, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Duk libarbar da ke ɗauke da irin wannan hatimi, hatimin da kansa shaida ne cewa wuta ta bi ta cikinta.

Amurka ba ta cikin CIP kuma ba ta da dokar tilasta gwaji, amma manyan kamfanoninta irin su Colt da Smith & Wesson da Ruger suna gwada kayansu da kansu. A kan libarbobin Colt masu yawa akwai wani ɗan alwatika mai harafin V da P a kusa da kunama, wanda ke nuna cewa an yi gwajin an kuma tabbatar. Saboda haka idan dillali ya ce ba a taɓa harba bindiga ba, abin da mai gaskiya a cikinsu yake nufi shi ne babu alamar an harba ta bayan ta bar masana'anta. Gidajen gwanjo masu kaffa-kaffa sukan rubuta cewa "da alama" ba a harba ta ba, kuma a ganina wannan ce kaɗai maganar da mutum zai iya tsayawa a kanta, domin ƙarfe yana iya tabbatar da cewa an harba, amma ba ya iya tabbatar da cewa ba a harba ba.

Wane wuri ya kamata a fara dubawa?

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi a cikin ko da rami ɗaya, a kuma juya bakin bindigar inda babu mutum. Bayan haka sai a dubi fuskar silinda ta gaba, wato ɓangaren da ke kallon bututu.

Dalili shi ne tsakanin silinda da bututu akwai 'yar tazara da aka bari da gangan domin silinda ta sami damar juyawa, kuma a yawancin libarbobi faɗinta bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. Duk lokacin da aka harba, wani kaso na iskar wuta mai tsananin zafi yana fita ta wannan tazara, ya bar zobe a kewayen bakin ramin da aka harba. A kan bindigar farin ƙarfe marar tsatsa, irin wadda Smith & Wesson ya fara fitarwa da samfurin Model 60 a 1965, zoben yakan fito baƙi ƙirin, ana ganinsa daga nesa. A kan bindigar da aka rina da shuɗi mai duhu kuwa, zoben yakan zama toka-toka marar sheƙi, kuma wani lokaci ba a ganinsa sai an karkata tocila ta haska daga gefe. Madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo, ya isa wannan aiki.

Abin da ake auna shi ne kaurin zoben da yadda ya bazu. Harsashi ɗaya yana barin inuwa siririya mai iyaka, harsasai ɗari kuwa suna barin tabo mai kauri wanda ke haɗuwa da na ramin da ke maƙwabtaka da shi har fuskar silindar gaba ɗaya ta dushe.

Na ga zobe a kan ramuka uku kawai daga cikin shida. Me hakan ke nufi?

Masu tara libarbobin Smith & Wesson sun daɗe da lura cewa sababbi da yawa sukan fito daga kwali da zobe a rami ɗaya, a tsallake ɗaya, a sake samu a na gaba, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin sawun gwajin masana'anta. Idan aka ga haka, kuma zobban sirara ne masu kama da juna, alama ce mai kyau, domin wanda ya je filin harbi ba ya cika rabin silinda ya tsallake rabi. Sai dai kada a juya maganar a ce duk wadda ramukanta shida ke da zobe to mai ita ne ya harba, saboda tsarin gwaji ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, daga zamani zuwa zamani, kuma a gidajen gwajin Turai kowane rami ake harbawa.

Layin da ya zagaye silinda fa, ba shaidar harbi ba ne?

A nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure. Layin da ake gani ya ratsa tsakanin tsagogin silinda ba wuta ce ta yi shi ba. Akwai wata 'yar sakata da ke tasowa daga ƙasan firam, wato gangar jikin bindigar da ke riƙe silinda da bututu, ta faɗa cikin tsaga domin ta tsayar da silinda daidai saitin bututu, kuma idan ta taso kafin tsagar ta iso, sai ta goga jikin silindar. Wanda ya zauna a ɗaki yana ɗana bindiga yana saukewa babu harsashi zai fitar da wannan layi cikin ɗan lokaci, alhali ko sau ɗaya bai harba ba.

Nauyin da ake ba layin ya danganta da irin bindigar. A libarbobin Smith & Wesson tsarin ƙirar ne ya sa sakatar ke tasowa da wuri, don haka siririn layi abu ne da ake tsammani, har a kan wadda ma'aikatan masana'anta kaɗai suka taɓa. A kan Colt Single Action Army kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1873, idan saitinta daidai yake sakatar tana sauka ne a ɗan gangaren da ke gaban tsaga, kuma cikakken layi yakan fito ne sakamakon mu'amalar wanda bai san bindigar ba: ya ja guduma, wato ƙarfen baya da ake ɗanawa ya bugi harsashi, zuwa rabi domin ya juya silinda, sannan ya sauke ta daga nan maimakon ya kai ta ƙarshe tukuna, sai sakatar ta taso a tsakiyar jikin silindar ta karce shi. Wannan ne ya sa kamfanoni da dillalai suke ɗaure gudumar bindigogi masu tsada da zaren roba, kuma a kasuwa ana bambanta wadda ba a harba ba da wadda ko juya ta ba a yi ba, ta biyun ta fi daraja.

Bayan fuskar silinda, ina ne kuma wuta ke barin sawu?

Akwai wurare huɗu da ya kamata a tsaya a kansu, kuma sun fi fuskar silinda wuyar gogewa.

Na farko shi ne ƙarƙashin gadar ƙarfen da ta ratsa saman silinda, daidai inda tazarar nan take. Iskar wutar da ke fita tana dukan wannan wuri kai tsaye, da farko ta bar layin kunkunniya, daga baya ta fara yanka ƙarfen kansa har a ji tsagar da farce. Harsasai masu ƙarfi ne suka fi yin wannan ɓarna, har ma a farkon shekarun 1980 kamfanin Ruger ya janye wata libarba mai harsashin .357 Maximum daga kasuwa saboda yadda wutar ke cin wannan gada. Idan an sami tsaga ta gaske a nan, maganar gwajin masana'anta ta ƙare, domin harsasai shida ba sa yanka ƙarfe.

Na biyu shi ne maƙogwaron bututu, wato bakinsa na baya da aka ɗan buɗa domin ya karɓi kan harsashi daga silinda. A sabuwar bindiga gefensa yana da kaifi kuma ana ganin sawun injin da ya sassaƙa shi. Da amfani sai gefen ya fara zama kaushi-kaushi kamar an yayyafa masa yashi, dalma ta manne a ciki. Libarbar Smith & Wesson Model 19 ta yi suna wajen tsagewa a ƙasan wannan maƙogwaro idan an yawaita harba mata harsasan .357 Magnum masu sauƙin nauyi, don haka mai duba irinta ya haska wurin da kyau.

Na uku shi ne bangon da ke bayan silinda, inda allurar da ke dukan harsashi take leƙowa. Idan aka harba, kwanson harsashi yana komawa baya da ƙarfi ya bugi wannan bango, kuma sannu a hankali sai da'irar gindin kwanson ta fito a kan rinin, tare da ɗan zobe a kewayen ramin allurar. Amma a kula: wani siririn karce da ke tafiya daga gefen bangon zuwa tsakiya, a libarbobin da silindarsu ke buɗewa gefe, sawun buɗewa da rufewa ne kawai.

Na huɗu su ne lunguna da mai wanki yake mantawa da su, kamar ƙarƙashin tauraron ƙarfen da ke turo kwanso waje, inda ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba suke maƙalewa, da kewayen sandar da silinda ke juyawa a kai. A cikin ramukan silinda ma akwai abin lura. Kwanson .38 Special ya fi na .357 Magnum gajarta da kimanin milimita 3, don haka idan aka ga zoben datti a cikin ramin libarbar .357 kafin a kai inda ramin ya tsuke, alama ce cewa wani ya yi ta atisaye da gajeren harsashi mai araha.

Idan cikin bututu yana sheƙi kamar madubi, ai ya isa hujja?

Bai isa ba. Ƙarfen zamani yana ɗaukar ɗaruruwan harsasai ba tare da layukan da suka murɗe a cikin bututun sun nuna gajiya ba, kuma wanki na rabin sa'a yana mayar da shi fes. Cikin bututu yana da amfani ne idan ya nuna wani abu, kamar zirin dalma mai launin toka ko na tagulla mai ja-ja, wanda ƙaramar kyamarar da ake zurawa cikin bututu take fitowa da shi sarai. Wani abin da ke rikita mutane shi ne tsohon giris na masana'anta, wanda bayan shekaru da yawa yake bushewa ya zama ruwan ƙasa mai danƙo. Wanda bai sani ba zai ɗauka datti ne ya goge shi, alhali yana daga cikin alamomin da suka fi nuna cewa ba a taɓa bindigar ba.

Mai sayarwa zai iya goge alamomin harbi gaba ɗaya?

Zai iya goge mafi yawansu idan harbin kaɗan ne, musamman a kan farin ƙarfe marar tsatsa. Ana sayar da wani ƙyalle mai sinadari na cire dalma da man goge ƙarfe, waɗanda ke ɗauke zobban fuskar silinda cikin mintoci. Sai dai gogewar tana barin nata sawun. Fuskar silinda ta asali tana da siraran layukan inji da ke tafiya bai ɗaya, wadda aka goge kuwa takan yi santsi da ƙyalli fiye da sauran jikin bindigar, bakin ramukan kuma ya ɗan lanƙwashe. A kan bindiga mai rini, wannan ƙyalle yana cinye rinin kansa, sai fuskar ta yi fari-fari, wasu kuma su rufe wurin da rinin kwalba da ake shafawa a gida, wanda launinsa bai kai na masana'anta zurfi ba kuma yana da wani wari mai kauri da ke daɗewa a kan ƙarfe.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce neman daidaito tsakanin alamomi. Bindigar da fuskar silindarta take tas amma bangon bayanta ya nuna da'irar kwanso, ko wadda ba ta da ko ɗigon kunkunniya a ko'ina amma kawunan kusoshinta sun lauye saboda sukundireba, labarinta ya saɓa wa juna. Har ma tsabtar da ta wuce kima abin tuhuma ce, tun da mun san masana'anta ta harba ta.

Ta yaya ake gane wadda aka sake rinawa domin ta yi kama da sabuwa?

Wannan ya fi batun harbi muhimmanci ga aljihun mai saye, domin libarbar da aka harba sau hamsin da rininta na asali ta fi wadda aka sabunta daraja nesa ba kusa ba. Kafin a sake rini dole a goge ƙarfe, kuma gogewa tana cin kaifi. A dubi rubutun da ke kan bututu da tambarin kamfani, kamar dokin Colt mai tsaye da ƙafafun baya: idan wani ɓangare ya yi zurfi wani ya shafe, an goge. A dubi ramukan kusoshi, waɗanda injin gogewa yake mayarwa kamar ɗan kwano. A libarbar Smith & Wesson, layin da ya raba murfin gefe da firam yana da siranta kamar gashi idan na asali ne, amma yakan faɗaɗa bayan gogewa, kuma a tsofaffin samfura guduma da kunama suna da launin gauraye na ƙarfen da aka ƙona, don haka ganinsu da rini ɗaya da sauran jiki alama ce ta aikin wani. A cire mariƙin katako a hankali, idan mai kaya ya yarda, a duba ko akwai ramukan tsatsa a ƙarƙashin rini, domin masana'anta ba ta rina ƙarfe mai tsatsa.

Wani lokaci kamfanin ne da kansa ya sabunta bindigar bisa buƙatar mai ita. Smith & Wesson ya kasance yana buga tauraro kusa da lambar bindiga, tare da wata da shekarar aikin a jikin firam ƙarƙashin mariƙi. Irin wannan aiki yana da mutuncinsa, amma bindigar da ta koma masana'anta domin gyara ba za a kira ta wadda ba a taɓa ba.

Shin waɗannan ƙa'idoji suna aiki a kan libarbobin ƙarni na 19?

Suna aiki, kuma a nan shaidar ta fi fitowa fili saboda irin albarushin lokacin. Baƙin albarushi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da gishirin fotasiyam, yana barin datti mai yawa da ke jan danshi daga iska, kuma idan ba a wanke shi da ruwa da wuri ba tsatsa takan kama cikin kwanaki. Ko bayan da Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884, ƙwayar tayar da wuta da ke gindin harsashi ta ci gaba da barin gishiri mai cin ƙarfe, har zuwa ƙarshen shekarun 1920 da kamfanin Remington ya fitar da marar lahani mai suna Kleanbore. Don haka tsohuwar libarbar da aka yi aiki da ita kusan kullum tana da ƙananan ramuka ko duhu a cikin bututu, kuma wannan ba ya goguwa.

A libarbobin da ake ɗurawa ta gaba, irin waɗanda aka yi yaƙin basasar Amurka da su daga 1861 zuwa 1865, kowane rami yana da ɗan nono a bayansa wanda ake ɗora wa 'yar hular tagulla mai tayar da wuta. Fashewar wannan hula tana cin ƙarfen da ke kewayen nonon da fuskar guduma, ta bar wurin kamar zanzana. A tsakanin nonnan kuma Colt yana sa ƙananan fegi na kariya, waɗanda ke lotsewa da amfani, kuma masu gwanjo sukan ƙirga guda nawa suka rage. Zanen da ke jikin silinda, kamar hoton yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843 da ke kan Colt Navy ta 1851, shi ma ana auna yawan abin da ya saura daga gare shi, ko da yake shafewarsa ta fi alaƙa da gogar kube da hannu fiye da harbi.

Idan aka kawo libarba mai shekara 150 tana walƙiya ta ko'ina, abin da ya fi yiwuwa shi ne an sabunta ta, ko kuma kwaikwayo ce irin wadda kamfanonin Italiya kamar Uberti da Pietta suke ƙerawa a fili bisa doka, wadda wani marar amana ya goge mata hatimin Italiya.

Ba za a iya kai ta ɗakin bincike a gwada ba?

Masu binciken laifi suna iya gano ragowar dalma da bariyam da antimoni da harbi ke bari, amma gwajin masana'anta ma yana barin waɗannan sinadarai, kuma binciken ba ya faɗin ranar harbi ko adadinsa. Ga mai saye, ba shi da wani amfani.

Kwali da takardu suna tabbatar da wani abu?

Suna ƙara daraja, kuma suna taimakawa wajen gina tarihin bindigar, matuƙar lambar da ke kan kwalin ta yi daidai da ta jikin ƙarfe. Wasu takardun ma shaidar harbi ne. Colt ya kasance yana haɗa libarbar Python, wadda ta fito a 1955, da takardar saiti mai hudar harsasan da aka gwada ta da su. Jihar Maryland daga 2000 zuwa 2015, da jihar New York daga 2001 zuwa 2012, sun tilasta a kawo kwanson da aka harba daga kowace sabuwar bindigar hannu, shi ya sa ake samun ƙaramar ambulan mai kwanso ɗaya a cikin kwalayen wancan lokaci.

Akwai kuma wasiƙar tarihi da ake nema daga ma'ajiyar bayanan Colt ko ta Smith & Wesson, inda masanin tarihin kamfanin, Roy Jinks, ya daɗe yana wannan aiki. Wasiƙar tana faɗin ranar da aka aika bindigar, da inda aka aika ta, da tsawon bututu da irin rinin da ta fita da shi. Wannan yana tona asirin wadda aka sauya wa launi ko bututu, amma ba ta da abin cewa game da abin da ya faru bayan bindigar ta bar ƙofar masana'anta. A sani kuma cewa ana buga kwalayen jabu, musamman na Python, saboda yadda farashinta ya tashi.

Kullum wadda ba a harba ba ce ta fi tsada?

A'a. Ga bindigogin da aka ƙera da yawa, da kuma na tunawa da bukukuwa waɗanda Colt ya fara fitarwa tun farkon shekarun 1960, yanayin jiki shi ne kusan komai, kuma ta tunawa da aka harba takan faɗo zuwa farashin bindigar aiki. Amma a saman kasuwa tarihi ne ke magana. A watan Agusta na 2021 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da Colt ɗin da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe shahararren mai laifin nan na Amurka Billy the Kid da ita a 1881 a kan sama da dala miliyan 6, kuma dukan darajarta ta taru ne a kan cewa an harba ta a daren wannan kisa. A 2018 gidan gwanjo na Rock Island ya sayar da wata Colt Walker ta 1847 a kan dala miliyan 1.84, saboda guda 1,100 kacal aka ƙera kuma wannan ta zo da akwatinta na asali.

Ma'aunin da ƙungiyar masu mallakar bindigogi ta Amurka, wato NRA, ta tsara wa tsofaffin bindigogi ma bai dogara da harbi ba. Yana duba ko sassan na asali ne, da yawan rinin asali da ya rage: kashi 100 ga matakin farko, sama da 80 ga na biyu, sama da 30 ga na uku. Ina ganin wannan ya fi adalci, domin abu ne da mai saye da mai sayarwa za su iya gani da idonsu su yi ciniki a kai.

Yaya ya dace a riƙe irin wannan bindiga lokacin dubawa?

A nemi izini kafin a ɗauka, a sake neman izini kafin a ja guduma ko a juya silinda, domin juyi kaɗan yana iya fitar da layin da zai rage wa mai kaya kuɗi masu yawa. Kada a ja kunama babu harsashi, musamman a libarbar .22 wadda allurarta ke dukan gefen rami ta lotsa shi, kuma kada a rufe silinda da wurgin hannu. Gumin hannu yana da gishiri, don haka a sa safar hannu ko a goge ƙarfen da ƙyalle mai ɗan mai bayan an gama. Kada a yi tunanin gwada tsohuwar libarba da harsashin zamani: Colt bai ba da tabbacin Single Action Army ga albarushi marar hayaƙi ba sai a 1900, kuma waɗanda suka girmi wannan shekara suna iya fashewa a hannu.

Wanda zai saya daga nesa ya nemi hotuna masu haske na fuskar silinda, da maƙogwaron bututu, da ƙarƙashin gadar sama, da bangon baya, ya kuma nemi a rubuta masa sharaɗin kwanakin dubawa da damar mayarwa.

Idan mutum a Nijeriya ya gaji tsohuwar libarba fa?

Irin wadda aka fi tsammanin gani a nan ita ce Webley ko Enfield, waɗanda hafsoshin sojan Birtaniya suka riƙe a zamanin mulkin mallaka da yaƙe-yaƙen duniya biyu. Waɗannan bindigogin aiki ne masu ɗauke da hatiman gwaji, na gwamnati kuma suna da alamar kan kibiya, don haka tambayar ko an harba su ba ta taso ba. Tambayar da ta taso ita ce ta doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu cikin jerin haramtattun makamai da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma jerin ya haɗa har da ƙananan bindigogi masu ƙyastu, wato tsufa ba ya fitar da bindiga daga hukuncin. Wanda ya tsinci irin wannan a cikin kayan gado kada ya gwada ta, kada ya kai ta kasuwa ko ya yi yawo da ita domin a duba masa, ya nemi shawarar lauya sannan a sanar da 'yan sanda.